Jeren Aro: Nazarin Aikin Wani Matashi Mai Sassaƙa a Birnin Kano

Asalin lamarin (kafin 2022)

Matashin da wannan nazari ya shafa ɗan cikin badala ne, haifaffen wata unguwa da ke kusa da Kasuwar Kurmi. Ni na koya masa zane a sakandare, har yau kuma Malam yake ce mini, shi ya sa na samu damar bin lamarinsa tun daga tushe. Ya karanci zane da sassaƙa a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, wurin da a 1958, tun makarantar tana kwaleji, su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyar ɗalibai masu cewa dole a gwama dabarun Turawa da abin da aka gada a gida. Ya gama a 2019, aka tura shi bautar ƙasa Kudu. Yana can mahaifiyarsa ta rasu a watan Afrilun 2020, lokacin da aka yi ta mace-mace a Kano ana tsakiyar kullen korona. Hanyoyi a rufe suke, bai samu jana'iza ba. Shi ne ɗanta na fari, ta rayu ta koma ga Allah bai taɓa jin sunansa a bakinta ba.

Da ya dawo ƙarshen 2020 sai ya kama rubuta allunan shaguna don ya samu na cefane, amma ransa yana kan abu ɗaya: ya yi wani aiki da zai ɗauki nauyin wannan rashi, wanda mutanen unguwarsu za su gani su gane.

Matsalar hawa biyu ce. Na farko, idan aka ce sassaƙa, hankalin Bahaushe kan turmi da akushi da kujera 'yar tsugunno yake tafiya. Da zarar abin ya ɗauki siffar mutum ya zama mutum-mutumi, daga nan kuwa zuwa gunki taku ɗaya ne. Kanawa ba su manta labarin Tsumburbura da Barbushe a Dutsen Dala ba, malamanmu na Malikiyya kuma matsayinsu a fili yake kan surar abu mai rai wadda ta cika kuma take da inuwa. Na biyu, irin aikin da ya fi jan hankalinsa a makaranta shi ne wanda zan kira sassaƙar tunani, inda tunanin da ke bayan abu shi ne aikin, gwanintar hannu tana biye. Ana yawan kafa misali da Bafaranshen nan Marcel Duchamp, wanda a 1917 ya aika da mazubin fitsari na tangaran zuwa wani baje koli a Amurka a matsayin aikin fasaha, da kuma El Anatsui, ɗan Ghana da ya daɗe yana koyarwa a Nsukka, mai ɗinke marafan kwalabe da wayar tagulla har su zama kamar ƙaton mayafi. A unguwarsu ba wanda ya taɓa jin ɗayansu.

Kawunan siminti (Fabrairu zuwa Mayu 2022)

Ya fara da abin da hannunsa ya fi sabawa da shi. Ya gina kawunan tsofaffin mata guda bakwai da yumɓu, ya zuba su da siminti, kowanne tsayinsa kamar santimita 40, duk idanunsu a rufe. A soron gidansu yake aikin, yana lulluɓe su da buhu idan zai fita.

Wata rana iska ta yaye buhun, yara 'yan makarantar allo suka leƙa. Kafin la'asar magana ta zaga unguwa cewa ɗan gidan wane ya dawo da tsafi daga Kudu. Mahaifinsa bai yi faɗa ba. Ya kama hannunsa bayan sallar isha'i ya kai shi gaban liman.

Ya ba ni labarin cewa ya shirya jin tsawa, amma liman sai ya tambaye shi me yake nufi da kawunan. Ya ce, "Allah gafarta Malam, Umma nake tunawa." Liman ya yi shiru, sannan ya kawo masa hadisin da ke cikin Bukhari da Muslim, na mutumin da ya zo wa Ibn Abbas ya ce da yin surori yake ci, Ibn Abbas ya gargaɗe shi, ya kuma ce idan ba makawa to ya yi bishiya da abin da ba shi da rai. Liman ya ƙara da cewa, "Ban hana ka tuna mahaifiyarka ba. Ka nemi wata hanyar."

Washegari da kansa ya sa guduma ya farfasa su. Da ɓaraguzan aka cike wani rami a bakin lungu. Aikin wata uku da buhun siminti uku suka tafi.

Rodi da walda (Nuwamba 2022 zuwa Yuli 2023)

Sai ya juya ga abin da ba shi da siffar kowa. Ya yi wata uku yana koyon walda a wurin wani mai yin ƙofofi, yana sayo ragowar rodi a Kasuwar Ƙofar Ruwa. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya tsayar da shi makonni. Bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, kunna janareto don walda ya zama sai an yi lissafi. Duk da haka ya kammala: wani murɗaɗɗen ƙarfe mai tsayin mita biyu da rabi, faɗi a ƙasa, tsini a sama, ya sa masa suna "Rashi".

Wani abokinsa ya ba shi wuri a gaban shagonsa a bakin babban titi. Mako uku ya yi a nan. Ba wanda ya ce gunki ne. Ba kuma wanda ya tsaya. Masu tambaya biyu ko uku sun so su san ko ƙofa ce ba a gama ba. Mai shayin gefe ya riƙa rataye tawul a jiki. A mako na uku aka zo da dare aka yanke ƙafa biyu, abin ya kife.

Ya zo gidana ransa a ɓace yana cewa Kanawa ba su san fasaha ba. A daidai wannan lokacin ne, cikin watan Yuni, aka rushe dogon ginin shataletalen gaban Gidan Gwamnati, wanda aka yi don tunawa da cikar Jihar Kano shekara 50 a 2017. Aka kwashe kwanaki ana musu a rediyo da Facebook da majalisun shayi, wasu na kuka da rushewar, wasu na kare ta, wasu na ja-in-ja kan siffar da ke jikin ginin. Bayan ya saurari wannan duka sai ya dawo ya ce mini, "Malam, ashe suna kallo. Nawa ne bai ce musu komai ba."

Kwanukan kilo (Satumba zuwa Disamba 2023)

Ya je sayar da ragowar "Rashi" a wurin 'yan gwangwan, sai ya ga tulin tsofaffin kwanuka an jibge ana jiran sikeli: langa, kwalla, samira, fanteka, masu zanen fure ja da shuɗi, duk tsatsa ta ci bakinsu.

Wanda bai tashi a gidan Bahaushe na da ba zai ɗauka kwanon abinci ne kawai. Waɗannan su ne jere. Uwa tana fara tara wa 'yarta su tun yarinyar ba ta san me ake ciki ba, ɗaya yau, biyu baɗi. Ranar jere 'yan uwa mata su je ɗakin amarya su ɗora su hawa-hawa har su kusa taɓa rufi. Yawancinsu ba a taɓa zuba musu miya ba. Ado ne, shaida ce ta gatan da yarinya take da shi a gidansu, kuma ajiya ce: ranar da ciwo ya zo ko aka koro yaro daga makaranta, mace ta zare ɗaya ta ba dillaliya ba tare da mijinta ma ya sani ba. Sun gaji ƙwarya da tasa, tun ana shigo da su daga waje har 'yan kasuwar Hong Kong suka kafa masana'antunsu a Najeriya, ciki har da Kano. Yanzu kula da tangaran da robobin Ƙofar Wambai sun ture su.

Ya sayi guda 140 a farashin kilo. Ya huda tsakiyar kowanne, ya zura su a rodi, ya tayar da ginshiƙai biyar. A watan Disamba aka ba shi kusurwa a wani baje kolin masu zane na kwana biyu, a ɗakin taron wani otal a Nassarawa. Ya liƙa dogon bayani da Turanci a gefe. Mutane sun ɗauki hoto a gaban aikin, an yaba masa, wani ma ya ambaci El Anatsui. Ya ji daɗi ƙwarai.

Rana ta biyu ya ɗauko gwaggonsa a adaidaita sahu don ta gani. Dillaliya ce, ta fi shekara talatin tana shiga gida-gida da ƙunshi a ka. Ina tsaye a wurin. Ta zaga ginshiƙan sau ɗaya, ba ta kalli takardar bayanin ba, sai ta ce, "Kai ɗan nan, wa ya huda su?"

Ya ce shi ne.

"Wannan ai ba jere ba ne, ɓarna ce. Ka ɗora kwalla a kan langa, ka raba kwano da murfinsa. Wace uwar ce za ta yi wa 'yarta haka?"

Ta sunkuya ta leƙa gindin wani kwano, ta kira shi ya duba. Ɗigo uku ne na jan farce, sun dushe. Haka mata suke yi wa kwanonsu alama don kada ya ɓace a gidan biki. Ta ce, "Mai wannan tana da suna. Ka san ta?" Bai amsa ba. A hanyar komawa gida ne ta gaya masa abin da ba wanda ya taɓa gaya masa: shekarar da ya tafi Zariya da wadda ta biyo, ita mahaifiyarsa ta ba langa shida da kwalla biyu daga jerenta ta sayar, kuma marigayiyar ta roƙe ta kada ta bari ya ji.

Sati biyu ban gan shi ba.

Aro (Janairu zuwa Maris 2024)

Da ya dawo, shawarar da ya zo da ita ita ce ba zai ƙara sayen kwano ba, ara zai yi daga hannun masu shi, ya mayar. Namiji baligi ba ya shiga gidan matan aure, saboda haka duk aikin shiga gida ya koma hannun gwaggo. Kafin ta fara, shi da mahaifinsa suka je wurin mai unguwa da liman suka yi bayani.

Ta shiga gida 58 cikin mako bakwai. Gida 23 suka yarda. Waɗanda suka ƙi, wasu tsoron asiri suka yi, tunda kayan jikin mutum ne za a kai wani wuri, wasu mazajensu ne suka hana, wasu kuwa suka ce ba abin da ya rage musu.

Matan ne suka gindaya sharuɗɗa, suka kuma rushe rabin tsarinsa. Ya so ya naɗi muryar kowace tana ba da labarin kwanonta, suka ce muryar matar aure ba za ta fita waje maza su saurara ba. Ya so ya rubuta sunaye, suka ce a'a, kowa ta san alamarta. Ba huji, ba fenti, ba kankare tsatsa. Ya sayi littafi, duk kwanon da ya shigo ya zana alamar gindinsa, gwaggo ta riƙe sunan mai shi a ka. Liman ya ƙara nasa sharaɗin: kwanon mamaciya da ba a raba gado ba sai duk magada sun yarda, idan kuma akwai maraya ƙarami a ciki a bar shi inda yake. Wannan ya fitar da guda 11. Aka tashi da 96.

Tunda ba huji, sai ya ƙera ginshiƙai tara na siririn rodi, kowanne da zobba hawa-hawa da kwano zai zauna a ciki, ya naɗe zobban da tsumman atamfa don kada su goge fenti. Mafi tsayi mita biyu da santimita 20. Wurin da ya samu tsohon gidan kakansa ne, ginin ƙasa mai soro biyu da ba kowa a ciki. Tsofaffi uku suka zo da gwaggo suka yi jeren da hannunsu, shi yana miƙo musu kaya.

A ginshiƙin tsakiya ya bar zobe takwas ba komai. Ɗaya daga cikin tsofaffin ta ce kwanuka sun ƙare ne? Gwaggo ta gaya mata. Tsohuwar ta daɗe tana kallon wurin, sannan ta ce, "Yaro, nima ka bar mini gurbi biyu. Na sayar lokacin ciwon Malam." Maganar ta fita. Cikin kwana goma mata 19 suka aiko, yawancinsu daga gidajen da a baya suka ce ba abin da ya rage musu. Wata gurbi ɗaya, wata huɗu, kowace ta faɗi girman kwanon don a yi zoben daidai. Ya ƙara ginshiƙi uku. Gurabu suka kai 47.

Kwana tara (13 zuwa 21 ga Afrilu 2024)

An buɗe ranar Asabar, kwana uku bayan ƙaramar sallah. Mata daga ƙarfe goma zuwa azahar, gwaggo ce a ƙofa, shi ba ya nan. Maza daga la'asar zuwa magariba. Ba kuɗin shiga, ba takardar bayani. An ajiye randa da moɗa a soro saboda zafin bazara.

Abin da ya faru da safe daga bakin gwaggo da matata na ji shi. Ranar farko masu kwanukan ne kawai suka zo, kowace tana neman nata. Daga rana ta uku suka fara zuwa da 'ya'yansu da surukansu. Matata ta ce hayaniya ake yi kamar gidan suna, ana nuna samira ana tuna shekarar da aka yi yayinta, amma duk wadda ta iso gaban gurabun sai muryarta ta sauka. Ta ga wata dattijuwa ta zura hannu cikin wani zobe, ta juya tafinta a hankali kamar mai shafa cikin kwano, ta ce wa jikarta, "Da wannan aka yi wa babanki kuɗin jarrabawa." Yarinyar ba ta taɓa ji ba.

Maza sun yi jinkiri. Kwana biyun farko ba su fi goma ba, su ma abokansa ne. Ranar Juma'a bayan an sauko liman ya shiga, jama'a suka bi shi. Na ga wani magidanci, ɗan kasuwa a Kantin Kwari, ya tsaya yana tambayar me ya sa wasu wuraren ba komai. Da aka gaya masa sai ya cire hula ya share goshi, ya ce shi bai taɓa tambayar inda jeren tsohuwarsa ya tafi ba, ya dai san ya tashi ya ga kabad ɗin yana raguwa.

An samu matsaloli. Rana ta huɗu wani ya zo a fusace ya ce a cire kwanukan matarsa, ba zai yarda a baje sirrin ɗakinsa ba. Aka cire guda biyar nan take aka ba shi haƙuri. Rana ta shida yaro ya ture wata langa, fentin bakinta ya ɓantare, mai ita ta ƙi karɓar diyya amma ta yi fushi, har yau ba ta sake gaisawa da gwaggo yadda suka saba ba. Wasu matasa kuma sun ɗauki hoto lokacin maza sun watsa, abin da ba a yi shawara da matan a kai ba. Littafin ƙofa ya nuna mata sun ninka maza fiye da sau biyu.

Mayarwa (ƙarshen Afrilu zuwa Mayu 2024)

Hotunan nan suka kai ga wani mai tara kayan fasaha a Abuja, ya kira yana son sayen aikin gaba ɗaya. Kuɗin da ya ambata ya fi abin da matashin yake samu a shekara. Ya ce masa kayan ba nasa ba ne. Mutumin ya ce to a haɗa masa irinsa da kwanukan 'yan gwangwan. Ya kwana biyu yana juya maganar, bashi kuma yana kansa, sannan ya ƙi. Mahaifinsa ya ce masa dama kayan aro ba ya rufe katara.

Cikin kwana 12 gwaggo ta mayar da kowane kwano gidansa, da ɗan ƙullin goro da sabulu. Abin da ya kashe a wannan zango, rodi da walda da kuɗin mota da goro, ya haura naira dubu 200. Bai samu ko sisi ba.

Abin da ya yi aiki, da dalilinsa

A ganina aikin farko ya faɗi ne don ya ɗauko siffar da mutanensa suke da hujjar addini da ta tarihi ta ƙin karɓa, kuma ba na ganin ƙin nasu jahilci ne. Na biyu bai saɓa wa kowa ba, amma baƙin cikin da ke cikinsa shi kaɗai ya san yana nan. Na uku shi ne ya fi ba ni tsoro, domin ya samu yabo. Kayan gida ne, an cire su daga hannun masu su, an huda, an kai inda masu su ba sa zuwa, an yi bayaninsu da harshen da ba sa ji. Da gwaggo ba ta je otal ɗin nan ba, da watakila har yau irinsa yake yi, ana tafa masa.

Na huɗu ya tsaya saboda dalilan da ake iya nunawa. Jere abu ne da matan nan suka riga suka iya karantawa, sun fi shi sanin ƙa'idarsa, don haka ba su shigo a matsayin baƙi ba. Aro ya ɗora masa amana, amana ta tilasta masa sauraro, kuma kusan duk sharaɗin da suka gindaya ya gyara aikin: rashin suna ya sa kowa ya ga tsohuwarsa a ciki, rashin murya ya sa labarin ya fito daga bakin kaka zuwa kunnen jika a tsaye a wurin. Gurabun kuwa, waɗanda su ne zuciyar aikin, takwas kawai ya yi tunani. Sauran 39 matan ne suka nema. Abin da suka faɗa da su, cewa kabad ɗin mata ya biya kuɗin makaranta da na asibiti a gidaje da yawa ba tare da an taɓa ambata ba, magana ce da ban taɓa jin an yi ta a fili a unguwar nan ba sai a waɗannan kwanaki tara.

Ban ce an warware komai ba. Batun hoto kuskure ne da ya kamata a hango. Gwaggo ta yi rabin aikin, ta sa mutuncinta na shekara talatin a ciki, ta kuma yi asarar ƙawa, amma sunansa kaɗai ya fita, kuma na gaya masa wannan a gaban idonsa. Sannan hanyar ba ta ciyar da mai yin ta. Ya koma rubuta allunan shaguna, ya gama biyan bashin walda a watan Oktoba.

Ginshiƙan suna nan a soron gidan kakansa, ba kwano ko ɗaya a jikinsu. Mata daga wata unguwa a bayan Gwauron Dutse sun aiko ta hannun gwaggo suna tambaya ko za a kawo musu. Ya ce sai ya tara kuɗin mota, kuma wannan karon ita za ta yanke ranar.